Gyaran Iyakwandishan Na Mota: Yadda Ƙarin Gas Ba Tare Da Awo Ba Ke Cinye Kuɗin Masu Motoci

LEGAS — A duk shekara, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta kafin damina ta kankama, rumfunan masu gyaran iyakwandishan na mota a Legas da Abuja da Fatakwal da Anacha kan cika maƙil da motoci. Akasarin masu motocin da buƙata guda suke zuwa, wato a ƙara musu gas, domin a ganinsu gas ɗin ne ya ƙare. Masu gyara da dama kuwa ba sa jayayya. Sukan jona tiyo, su buɗe tukunya, iska mai sanyi ta fara fitowa, a biya su, kowa ya kama gabansa.

To amma bisa ƙa'idar aikin, gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa kamar yadda fetur ke ƙarewa a tanki. A cikin rufaffiyar hanya yake zagayawa, kuma abin da yake raguwa ta jikin tiyo da robobi a shekara kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka idan mota ta daina sanyi bayan makonni ko watanni da cika mata gas, to akwai inda yake yoyo, ko kuma ciwon yana wani wuri dabam. Ƙarin gas a kan irin wannan ciwo jinkirta gyara ne kawai, kuma sau da yawa ƙarshensa shi ne mutuwar kwamfireso, wanda ya fi kowane sashe na na'urar tsada.

Kasuwar Da Ta Dogara Da Canjin Kuɗi

Wannan al'amari ya wuce batun jin daɗin direba, ya zama batun tattalin arziki. Mafi yawan motocin da ke kan titunan Nijeriya tsofaffi ne da aka shigo da su daga Amurka da Turai da Asiya, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2017, da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, tashoshin jiragen ruwa na Legas, musamman ta Tin Kan, suka ƙara zama babbar ƙofar wannan ciniki. Irin waɗannan motoci kan iso da shekaru masu yawa a kansu, robobinsu sun bushe, bututunsu sun sha gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara a ƙasashen da suka fito.

Haka kuma kusan duk kayan gyaran iyakwandishan daga waje ake shigo da su, tun daga kwamfireso da kwandansa har zuwa gas da man da ake zuba wa na'urar. Daga kasuwar Ladipo da ke Mushin da kasuwar 'yan kayan gyara ta filin baje koli na Legas, da kasuwar Nkwo ta Nnewi, kayan kan bazu zuwa unguwar makanikai ta Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Farashinsu kuwa da dala yake tafiya. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, canjin gwamnati ya tashi daga kimanin Naira 460 a kan dala ɗaya zuwa fiye da Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Duk wani ƙarfe da ke kan kantar ɗan kasuwa ya bi sahu.

Bugu da ƙari, janye tallafin man fetur da aka yi ranar 29 ga Mayu, 2023, ya sa direbobi suka fara lissafin kowace lita. Kwamfireso daga jikin injin yake samun ƙarfi, don haka na'urar da ke aiki da wahala, saboda an cika mata gas fiye da kima ko kwandansarta ta toshe, ƙarin mai take ci. Ga direbobin motocin haya da ake kira ta waya, waɗanda harkarsu ta bunƙasa tun shigowar Uber Legas a 2014 da kuma Taxify, wanda daga baya ya koma Bolt, a 2016, sanyin mota jari ne, domin fasinjan da ya biya kuɗi mai yawa ba zai yarda ya yi ta gumi a cunkoson hanyar Ikorodu ko ta Apapa zuwa Oshodi ba.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Kafin a fahimci ciwon, wajibi ne a san yadda lafiyayyar na'ura take. Sassa biyar ne ginshiƙanta. Na farko shi ne kwamfireso, wanda bel ke juya shi daga injin. Aikinsa shi ne ya zuƙo gas mai ƙarancin matsi, ya matse shi har ya yi zafi, sannan ya tura shi gaba. Na biyu ita ce kwandansa, wadda ke gaban lagireto, inda iskar hanya da ta fanka ke kwashe zafin, gas ɗin ya koma ruwa. Na uku ita ce diraya, wadda ke tace datti, kuma tana da wasu ƙwayoyi a ciki masu shanye danshi. Na huɗu shi ne bawul mai ɗan ƙaramin rami, wanda ke feso ruwan kaɗan-kaɗan. Na biyar ita ce ibaforeta, wato akwatin sanyi da ke ɓoye a bayan dashbod.

Da zarar ruwan ya ratsa ramin bawul, sai matsinsa ya faɗi, ya fara tafasa yana komawa iska. Gas ɗin R-134a, wanda ke cikin mafi yawan motocin ƙasar nan, yana tafasa ne a kan digiri 26 ƙasa da sifiri idan ba a matse shi ba. Yayin da yake tafasa yana ɗauke zafin iskar da fanka ke hurowa ta jikin ibaforeta. Hikimar ɗaya ce da ta randar ƙasa, wadda ruwanta ke yin sanyi saboda raɓar da ke tsattsafowa ta jikinta tana bushewa.

Ta haka na'urar ta kasu gida biyu: ɓangaren babban matsi, daga bakin kwamfireso zuwa bawul, da ɓangaren ƙaramin matsi, daga bawul zuwa inda kwamfireso ke zuƙa. Akwai kuma wani abu da masu motoci da yawa ba su sani ba. Man da ke shafe fistin da sauran ƙarafan cikin kwamfireso ba a wuri ɗaya yake zaune ba, tare da gas yake zagayawa ya dawo. Idan gas ya ragu, man da ke dawowa ya ragu, kuma duk inda gas ya yi yoyo, mai ma yana bin sa waje. Wanda ya yi ta ƙara gas ba tare da toshe yoyo ko mayar da mai ba, sannu a hankali yana busar da kwamfireso ne.

Abin Da Geji Ke Faɗa

Kayan aikin farko na mai gyaran da ya san sana'arsa shi ne geji mai fuska biyu. Shuɗiyar fuska da shuɗin tiyo na ƙaramin matsi ne, ja na babban matsi, tiyo mai ruwan ɗorawa da ke tsakiya kuma shi ake jonawa da tukunyar gas ko injin zuƙe iska. A ƙasar nan an fi karanta awon da ma'aunin da ake rubutawa psi a fuskar gejin.

Awon farko ana yin sa ne injin yana kashe, bayan mota ta huce. A lokacin alluran biyu kan tsaya wuri guda. Ga gas ɗin R-134a, idan zafin gari ya kai digiri 30, awon kan kasance kusan psi 97, idan kuma digiri 35 ne, kusan 114. Sai dai wannan awo ba ya nuna yawan gas ɗin da ke ciki, domin muddin akwai sauran ruwan gas ko da kaɗan ne, matsin iri ɗaya zai nuna. Amfaninsa shi ne ya tona asirin na'urar da ta kusa zama fanko, ko kuma wadda aka zuba wa wani abu dabam, idan allura ta haura inda ya kamata.

Awo na biyu ana yin sa ne bayan an ta da injin, an ɗaga shi zuwa juyi 1,500 a minti ɗaya, an kunna sanyi zuwa ƙarshe. A zafin digiri 30, lafiyayyar na'ura kan nuna tsakanin psi 25 zuwa 45 a shuɗiyar fuska, da 150 zuwa 250 a ja. A tsakiyar rana mai tsananin zafi, jar allura na iya kusantar 300 ba tare da wani ciwo ba. Kowane kamfani yana da nasa jadawalin, kuma shi ne abin dogaro. Iskar da ke fitowa ta tagar tsakiyar dashbod kuwa galibi tana tsakanin digiri 5 zuwa 10.

Daga nan ne fassara ke farawa. Idan alluran biyu duka suna ƙasa, gas ya yi ƙaranci, wato akwai yoyo. Idan duka biyun suna sama, to ko an cika gas fiye da kima, ko iskar waje ta shiga cikin na'urar, ko kuma kwandansa ba ta samun iskar da za ta huce. Idan shuɗiyar allura ta hau, ja kuma ta kasa tashi, har suka kusa haɗuwa alhali kwamfireso yana juyawa, to shi ne ya gaji, ba ya iya matsewa. Idan shuɗiyar allura ta faɗi har ƙasa da sifiri, to hanya ta toshe, galibi a bawul ko a diraya. Idan kuma sanyi yana zuwa na ɗan lokaci ya ɗauke, bayan an kashe na 'yan mintoci ya dawo, sau da yawa danshi ne a ciki yake daskarewa a ramin bawul, ya narke, ya sake daskarewa.

A cikin waɗannan alamomi biyar, guda ɗaya ce kawai ke da alaƙa da ƙarancin gas, kuma ko ita ma toshe yoyo ne maganinta na farko. A sauran huɗun, ƙarin gas ƙara wa ciwo gishiri ne.

Ba Kullum Kwamfireso Ne Mai Laifi Ba

Wata asarar da masu motoci ke yi ita ce sayen kwamfireso alhali nasu lafiyarsa lau. A yawancin motoci, fulin da ke gaban kwamfireso kullum yana juyawa tare da injin, amma cikinsa ba ya motsi sai kulocin maganaɗisu ya kama. Mai sauraro zai ji wata 'yar ƙara, ƙas, idan ya danna maɓallin sanyi. Rashin jin wannan ƙara yana da dalilai da dama masu sauƙin kuɗi: fis ya ƙone, rile ya mutu, waya ta tsinke, ko nadin wayar maganaɗisun ya ƙone. Ana gwada nadin da mita, kuma lafiyayye kan nuna tsakanin om 3 zuwa 5. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin fuli da farantin kuloci, wadda a yawancin motoci ba ta kai milimita ɗaya ba. Idan farantin ya cinye, tazarar ta yi faɗi, kuloci kan kama da safe, ya saki idan injin ya yi zafi. Gyaran wannan bai wuce cire wasu siraran zobba daga bayan farantin ba.

Har ila yau, masu ƙera motoci sun sanya makunnin tsaro mai lura da matsi. Yakan yanke wa kwamfireso wuta idan matsi ya faɗi ƙasa da kimanin psi 30, domin kada ya juya babu mai, haka nan idan matsi ya haura 400 da ɗoriya, domin kada tiyo ya fashe. Wata mummunar ɗabi'a da ta yaɗu a garejoji ita ce tsallake wannan makunni, a haɗa wa kwamfireso waya kai tsaye. Sanyi kan dawo a ranar, amma an kori mai gadi ne daga bakin ƙofa. Irin wannan aiki ne Hausawa ke kira gyaran gangar Auzinawa.

Motocin da ke sanyi a kan babbar hanya amma su daina a cikin cunkoso, galibi fankar kwandansa ce ta mutu ko ta yi rauni. A kan hanya iskar gudu ce ke rufa mata asiri. Ƙurar hunturu da laka da ƙwari da ledoji ma kan toshe fuskar kwandansa, kuma wanke ta da ruwa marar ƙarfi kan sauko da jar allura nan take. A garuruwan bakin teku kamar Legas da Fatakwal da Kalaba, iska mai gishiri da danshi na cin alminiyam ɗin kwandansa har ta huda. Matatar iska ta cikin mota kuwa, wadda a motoci da yawa take bayan aljihun dashbod, idan ta cika da ƙura, iska ba za ta fito da ƙarfi ba ko da komai lafiya yake.

Sababbin motoci da dama sun zo da wani salo. Kwamfiresonsu yana da bawul na lantarki a jikinsa, wanda kwamfutar mota ke umarta ya ƙara ko ya rage matsa gas, wasu ma ba su da kuloci gaba ɗaya. Idan wannan bawul ya maƙale, geji zai nuna alamar gajiyayyen kwamfireso, alhali canza bawul ɗin kaɗai ya wadatar. Mai gyaran da bai san wannan ba, kai tsaye zai tura mai mota kasuwa.

Idan Kwamfireso Ya Mutu

Alamomin mutuwar gaskiya ba sa ɓuya: gurnani ko ƙarar ƙarfe da ke farawa da zarar an kunna sanyi, bel mai kuka ko hayaƙi saboda kwamfireso ya cije, da baƙin mai mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe idan an kwance tiyo. Ƙarar da ba ta tsayawa ko an kashe sanyi kuwa, yawanci boris ɗin fuli ne, kuma ana iya canza shi shi kaɗai.

Babbar matsalar ita ce kwamfireso ba ya mutuwa shi kaɗai. Garin ƙarfen da ya fito daga cikinsa kan bi gas ya bazu a kwandansa da diraya da bawul. Idan aka ɗaura sabo a kan wannan datti, cikin ɗan lokaci zai bi na farko. Don haka ƙa'idar da manyan masu ƙera kwamfireso irin su Denso da Sanden ke gindayawa ita ce a wanke bututu da maganin wanki na musamman, a canza diraya da bawul. Kwandansar motocin zamani kuwa ramukanta ƙanana ne ƙwarai, jere da juna, ba sa wankuwa, sai dai a canza ta ɗungurum. Mai motar da ya ji jimillar kuɗin yakan ce a ɗaura kwamfireso kawai, daga baya kuma ya saye shi sau biyu. Araha dai ba ta ado.

Tsadar sabo ta sa kasuwar kwamfireso na hannu, wanda aka ciro daga motocin da suka yi hatsari a ƙasashen waje, ta fi ƙarfi. Ana samun nagari a cikinsu, amma mai saye ba shi da labarin rayuwar da ƙarfen ya yi, kuma lamunin da ɗan kasuwa ke bayarwa galibi na 'yan kwanakin gwaji ne. Abin dubawa shi ne ko bakunansa a toshe suke. Man PAG, wanda ake amfani da shi da gas ɗin R-134a, yana shan danshi daga iska da sauri, kuma danshi idan ya gauraya da mai da gas yakan haifar da tsami mai cin ƙarfe daga ciki. Kamata ya yi a juye tsohon man, a duba launinsa, a zuba sabo daidai adadi da kaurin da kamfani ya rubuta, domin akwai mai lamba 46 da 100 da 150. Mai fiye da kima ma yana rage sanyi. Motoci masu haɗa injin da batir, irin su Toyota Prius, kwamfiresonsu na lantarki ne, kuma mai na musamman da ba ya ɗaukar wuta suke sha. Zuba musu PAG na yau da kullum na iya lalata na'urar, ya kuma jefa mutum cikin hatsarin wutar lantarki mai ƙarfi.

Neman Yoyo Da Cika Gas

Yoyo kan bar shaida. Tabon mai da ƙura ta manne masa a mahaɗar bututu, ko a jikin kwandansa, ko a bayan kuloci, shi ne alamar farko. Wuraren da aka fi samun sa su ne zobban roba na mahaɗa, da bakin da ake jona geji, da robar sandar kwamfireso, da kwandansar da tsakuwa ta huda, da ibaforeta. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi cin kuɗin aiki, domin a motoci da yawa sai an kwance dashbod baki ɗaya kafin a kai gare ta.

Ana neman yoyo ta hanyar cusa iskar naitirojin a shafa ruwan kumfa, ko da na'ura mai shinshinar gas, ko da rini mai haske da ake gani da fitila ta musamman. An hana amfani da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da mai na haddasa fashewa. Iskar famfon faci ma ba ta dace ba, saboda danshi take ɗauke da shi, kuma cakuɗuwar iska da R-134a a ƙarƙashin matsi na iya kamawa da wuta.

Bayan an toshe yoyo, sai a jona injin zuƙe iska na aƙalla minti 30, domin ya fitar da iska da danshi. Sannan a rufe geji a jira a ga ko allura za ta motsa. Wasu kan tsallake wannan mataki, su saki gas kaɗan ya kori iska, abin da ba ya fitar da danshi. Daga ƙarshe sai cikawa, kuma da sikeli ake yin ta. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet wadda ke nuna irin gas da nauyinsa. Ƙananan motoci da yawa suna ɗaukar tsakanin giram 450 zuwa 700, masu sanyin baya kuma fiye da haka. A na'urar da cikinta bai wuce rabin kilo ba, kuskuren giram 100 babban abu ne. Cikawa da taɓa bututu a ji ko ya yi sanyi, kirdado ne kawai.

Sauyin Gas Da Matsalar Jabu

Irin gas ɗin ma yana da tarihinsa. Har zuwa farkon shekarun 1990, motoci da R-12 suke aiki, wanda aka fi sani da Freon. Bayan da masana suka tabbatar yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga zafafan hasken rana, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, Nijeriya kuma ta shiga a 1988. Ƙasashe masu arziki sun daina yin sa a farkon 1996, masu tasowa kuma aka ba su wa'adi zuwa 2010. Tsakanin 1992 da 1995 masu ƙera motoci suka koma R-134a.

Shi kuma R-134a ba ya taɓa ozon, amma ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau 1,430. Saboda haka Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin motoci masu amfani da shi daga 1 ga Janairu, 2017, aka koma R-1234yf, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana iya kamawa da wuta kaɗan. Motocin da ke ɗauke da shi sun riga sun fara isowa Nijeriya a matsayin tokumbo. Kowane gas yana da irin bakin jona gejinsa dabam, domin kada a gauraya, amma a garejoji akan sa mahaɗi a zuba wanda ya fi araha.

Inda tsada take, jabu ba ya nisa. Akan sami tukwane masu tambarin R-134a amma cikinsu gauraye da R-22 na iyakwandishan ɗin gida, wanda matsinsa ya fi ƙarfin robobin mota, ko da gas mai kamawa da wuta dangin na girki. Mafi hatsari shi ne R-40, wanda ke cin alminiyam ya haifar da wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska. A 2011, kwantenonin sanyi na jiragen ruwa da aka cika da irin wannan jabu sun fashe, inda ma'aikata uku suka rasu a Biyetnam da Barazil. Akwai na'urar tantance gas da ke gano gauraye cikin mintoci, sai dai tsadarta ta sa ba kowace rumfa ke da ita ba.

Abin Da Ke Gaba

A watan Oktoba na 2016, a birnin Kigali na Ruwanda, aka yi wa yarjejeniyar Montreal gyara domin rage amfani da dangin gas ɗin da R-134a ke ciki, Nijeriya kuma ta amince da gyaran a 2018. Bisa jadawalin rukunin ƙasashen da take ciki, an tsayar da ƙaruwar amfani da shi daga 2024, za a rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, a kai kashi 80 a 2045. Ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ne ke jagorantar aikin, hukumar NESREA kuma, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin tabbatar da bin dokokin muhalli. Ma'anar wannan ga kasuwa ita ce gas ɗin da ake saki a iska a kowace rumfa yau, zai riƙa ƙaranci yana ƙara tsada.

Wannan ya ɗora nauyi a kan ƙungiyoyin sana'ar, kamar NATA ta makanikai da NARAP ta masu gyaran firji da iyakwandishan. Yawancin masu wannan aiki a hannun maigida suka koya, ta hanyar kallo da maimaitawa, tsarin da ya raya dubban iyalai amma bai tanadi karatun jadawalin matsi ko na'urorin lantarki na sababbin motoci ba. Rumfar da ta mallaki sikeli da injin zuƙe iska da na'urar kwashe gas a adana, ita ce za ta iya riƙe abokan ciniki idan farashin ya ƙara hawa.

Shi kuwa mai mota, akwai abubuwan da ke hannunsa. Ya riƙa kunna sanyi na kimanin minti 10 a kowane mako ko da a lokacin hunturu, domin mai ya zagaya kada robobi su bushe. Ya sauke gilashi zafi ya fita kafin ya kunna idan motar ta daɗe a rana. Ya wanke kwandansa, ya canza matatar iska bayan ƙura ta wuce. Ya kashe sanyi nan take idan ya ji baƙuwar ƙara. Idan kuma ya isa wajen mai gyara, tambayoyi huɗu sun ishe shi: me geji ya nuna a ɓangarorin biyu, ina yoyon yake, minti nawa za a zuƙe iska, kuma giram nawa za a zuba. Mai gyaran da ya amsa su da lamba, ya buɗe bonet ya nuna takardar kamfani, shi ne ya cancanci a bar masa makullin mota.